A Ce Arba'in Sun Ruɓe

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Kira mini wancan." Da aka sa ni lakwal sai na sami laƙabi, na zama "ɗan lakwal", kuma da shi take kirana har yau da furfura ta fara leƙo mini. Zaman da ya taɓa haɗa ni da ita, irin wanda za a daɗe ana magana, bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Ɗaya daga ciki nake so in ba da labari. A kan lissafi muka yi shi, ni da matar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba.

Garinmu ƙauye ne kusa da Galmi, a jihar Tawa, ba nisa da babbar hanyar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa. Ko wanda bai taɓa zuwa wurin ba ya san albasarsa, wadda manyan motoci ke lodi suna kaiwa Abijan da Akara da Kumasi da Kwatano. Ana yafa iri bayan damina, a yi dashe cikin fangali lokacin sanyi, a yi ta ban ruwa har wajen Maris ko Afrilu, sannan a cire. Inda gizo ke saƙar shi ne kowa lokaci guda yake cirewa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mai ƙarfin jira sai ya zuba tasa a rudu, wato bukkar kara da ake ɗagawa bisa itace don iska ta riƙa ratsawa, ya bari sai bayan wata biyar ko shida, lokacin da albasa ta yi wuya a kasuwa. Sai dai albasa ba gero ba ce da za a rufe a rumbu a manta. Tana ramewa, tana tsiro, kuma da laimar damina ta shige ta sai ruɓa. Don haka kowace shekara manomi na fuskantar tambaya ɗaya: in sayar yanzu da arha, ko in ajiye in yi kasada?

Shekarar da nake ajin farko na lise a Tawa, Baba ya rasu, saura kamar wata guda a cire albasa. Allah ya jiƙansa. Na dawo gida, muka haɗu da ƙannena da ƴan uwa muka ƙarasa aikin. Garka ta ba da buhu sittin. Ya kuma bar bashin jika ɗari uku da tamanin a hannun wani alhaji ɗan kasuwa, kuɗin takin zamani da man injin ban ruwa da na ƴan ƙodago. Ga wanda bai saba da ƙirgenmu na Nijar ba, jika guda ita ce sefa dubu. Dillalai sun zo sun yi tayin jika goma kowane buhu. Alhajin kuma ya aiko cewa ko dai a biya shi yanzu, ko kuwa zai jira har kaka, amma da sharaɗin a ba shi garka jingina a gaban shaidu. Ba a raba gado sai an sauke bashi, saboda haka komai ya tsaya sai an yanke wannan shawara.

Baffa, ƙanen Baba, shi ne babba a gidan yanzu, kuma ra'ayinsa a sayar a huta. Ni kuwa so nake a ajiye. Idan aka sayar da buhu sittin a jika goma, an sami ɗari shida. A cire bashi, saura ɗari biyu da ashirin. Da su za a ciyar da gida har wata shekara, a sayi iri da taki, kuma na san a cikin irin wannan kasafi karatuna ne zai fara faɗuwa. Ban faɗi wannan a fili ba. Abin da na ce wa Baffa shi ne ya bari in lissafa, domin irin wannan tambaya mun yi ta a lakwal.

Kafin in kai ga abin da na rubuta a zauren, sai na ɗan koma baya zuwa kwaleji, inda na koyi abin da nake taƙama da shi. Mushenmu na lissafi mutum ne mai tsananin son tsari. Shi ya fara rubuta mana harafin x a allo, ya ce wannan baƙo ne da ya rufe fuska da rawani, aikinmu mu gano ko wane ne. Ya rubuta 3x + 5 = 20, ya ce alamar nan ta tsakiya mai layi biyu sikeli ce, abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da abin da ke dama, kuma duk abin da ka yi wa ɓangare ɗaya dole ka yi wa ɗayan. Ka cire biyar nan da can, saura 3x = 15. Ka raba da uku, x ya zama biyar. Yawancinmu nan muke ajiye bik. Shi kuwa ba ya ba da cikakken maki sai ya ga wani layi na ƙarshe, inda ka ɗauki biyar ɗin ka mayar da ita gurbin x: uku sau biyar sha biyar, a ƙara biyar, ashirin, a dama ma ashirin. Idan babu wannan layin sai ya zabge rabin maki, ko da amsarka daidai ce. Yakan ce tela ba ya karɓar kuɗin ɗinki sai mai riga ya sa ta a jiki. Ya kuma nace cewa a layin farko ake gwadawa, domin idan ka yi kuskure a layi na biyu, duk layukan da ke ƙarƙashinsa ƴaƴan kuskuren ne, za su yi masa shaida.

Wannan ɗabi'a ta kama ni sosai, har nakan yi wa abokaina dariya idan suka miƙa takarda ba su gwada ba. Daga baya muka shiga wani babi, wanda ni nake kira lissafin rinjaye. A nan ba a neman sikeli ya tsaya daidai, ana neman a san yaushe ɓangare ɗaya zai fi ɗayan nauyi. Alamarsa > ko <, bakinta a buɗe wajen mai yawa. Amsar irin wannan lissafi ba lamba ɗaya ba ce, yanki ne guda: duk lambar da ta haura kaza, ko duk wadda ta gaza kaza. Mushe ya ba mu doka, cewa idan ka ninka ko ka raba ɓangarorin biyu da lamba mai alamar ragi, dole ka juya bakin alamar. Na haddace dokar kamar karatun aku, na ci jarrabawa da ita, ban taɓa tsayawa na tambayi dalilinta ba.

To, ranar a zaure, bayan la'asar, na buɗe kaye a kan cinya, Baffa na zaune a buzu yana kallo. Dillalai na cewa bayan damina buhu zai kai jika ashirin da biyar. Kafa rudu, da itace da kara da zana, da ladan masu juya albasa suna tsince ruɓaɓɓiya, da sababbin buhuna, muka ƙiyasta jika ɗari da hamsin. Na ce bari x ya zama yawan buhunan da za su lalace. Abin da nake so in sani shi ne yaushe ajiya za ta fi sayarwar yau:

25 × (60 − x) − 150 > 600

Na warware baka, na tattara lambobi gefe ɗaya, na sami −25x > −750. Na raba ɓangarorin biyu da −25, na bar bakin alamar yadda na same shi, na rubuta x > 30.

Ban tsaya nan ba, domin ni almajirin Mushe ne. Na ɗauki talatin na mayar a layin farko. Sittin ba talatin, saura talatin. Sau ashirin da biyar, ɗari bakwai da hamsin. A cire ɗari da hamsin, ɗari shida. A dama ma ɗari shida. Sikeli ya tsaya cak. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, na ɗaga kai na ce, "Baffa, ko da fiye da buhu talatin sun ruɓe, ribarmu tana nan."

Ya yi shiru yana shafa gemu. Ya ce, "Ka tabbata, ɗana?"

Na ce, "Na gwada, Baffa. Ya fita daidai."

Mutumin nan ya fi shekara talatin yana noman albasa. Ya ga rudun da aka buɗe aka toshe hanci. Amma ya dubi takardar da ba ya iya karantawa, ya dube ni, ya ce, "To, ku kuka yi karatu." Aka tsayar cewa gobe da hantsi zai ɗauki shaidu biyu su tafi wajen Alhaji a ƙulla jingina.

Inna na cikin takaba a lokacin, ba ta fita, ba ta shiga maganar maza. Ƙanwata da ta kawo mana ruwa zaure ita ta kai mata labari. Bayan isha'i yarinyar ta same ni ta ce, "Inna ta ce ka zo da takardarka."

Na tarar da ita zaune a tabarma, fitila a gefe, faifai a gabanta. Inna sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita ce uwar adashin matan unguwarmu. Kuɗin mata kusan ashirin ke ratsa hannunta kowane mako ba tare da rubutu ba, kuma ban taɓa jin an yi rigima da ita kan dala guda ba. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Mi kag gaya ma Baffanka?"

Na maimaita, har da ƙarin bayani a kan x. Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗebo gyaɗa a ƙwarya, ta ƙirga ƙwaya sittin a kan faifan, ta ce, "Ni ban san baƙin nan naka ba. Ga buhunan ubanka. Kac ce ko sun wuce talatin. To, a ce arba'in sun ruɓe."

Ta ware arba'in ta tura gefe. Sauran ashirin ta kasa su huɗu-huɗu, domin buhu huɗu a jika ashirin da biyar ɗari ke nan. Kashi biyar suka fita. Ta ce, "Ɗari biyar. Kuɗin rudu nawa kac ce?"

Na ce ɗari da hamsin.

"Saura ɗari ukku da hamsin. Ya kai ɗari shida?"

Na yi shiru.

"Ya kai bashin Alhaji?"

Bai kai ba. Saura jika talatin ya kai. A lambar da takardata ta ce muna cikin riba, garkar Baba ta tafi. Na fara cewa wataƙila akwai abin da ba ta gane ba a tsarin lissafin, sai na ji kunyar maganar tun ba ta gama fita ba. Ta tattara gyaɗarta ta mayar ƙwarya, ta ce, "Da asuba ka riga Baffanka tashi."

Daren nan ban yi barci ba. Na zauna da kaye ina gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya. Na sa sittin, wato komai ya ruɓe: ba a sami ko dala ba, ga asarar ɗari da hamsin, amma amsata ta ce riba ce, tun da sittin ya fi talatin. Na sa sifiri, wato ko ɗaya bai ruɓe ba: dubu da ɗari uku da hamsin, riba mai tsoka, amma amsata ta ƙi yarda da shi, tun da sifiri bai fi talatin ba. Na sake duba abin da na rubuta da idon basira. Ai x > 30 ba ya ma nufin "ko da sun wuce talatin". Abin da yake nufi shi ne ba za mu ci riba ba sai idan sun wuce talatin, maganar da ko yaro ya ji zai yi dariya. Na yi kuskure a rubutu, sannan na karanta kuskuren yadda zai yi mini daɗi.

A daren ne kuma na gane dalilin dokar da na haddace. Biyu ta gaza biyar, ba gardama. Amma wanda ake bi jika biyu ya fi wanda ake bi jika biyar wadata. Da zarar lambobi sun koma bashi, babba ya zama ƙarami. Shi ya sa −2 ta fi −5, shi ya sa idan ka sauya alamar ɓangarorin biyu dole bakin ya juya. Amsar gaskiya ita ce x < 30. Ajiya za ta yi riba ne kawai idan abin da ya lalace bai kai rabi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ai na gwada. Ban yi ƙarya ga Baffa ba. Amma talatin na gwada, kuma talatin iyaka ce. Ko bakin alamar ya dubi gabas ko ya dubi yamma, a talatin ɓangarorin biyu za su yi daidai. Gwajin ya tabbatar mini inda iyakar take, bai ce komai ba game da ɓangaren da gonarmu ta faɗa. A lissafin daidaito, irin 3x + 5 = 20, lamba ɗaya ake nema, mayar da ita ya wadatar. A lissafin rinjaye kuwa sai ka ɗauki lamba daga cikin yankin da ka ce naka ne ka gwada, ka ɗauki wata daga waje ka gwada. Idan ta ciki ta faɗi, ko ta waje ta ci, amsarka ta karye. Ni shaidar da ba za ta iya ƙaryata ni ba na kira. Inna ta kira wadda za ta iya.

Da asuba na tare Baffa a ƙofar masallaci. Faɗa masa ya fi mini daren wuya. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wa ya gano?" Na ce Inna. Ya yi ƴar dariya, ya ce, "Ashe albasa ba ta yi halin ruwa ba." Bai ƙara komai a kai ba, ranar ko bayanta, kuma na gode masa.

Shawarar da aka yanke ta tsakiya ce. Aka sayar da buhu arba'in a jika ɗari huɗu, aka biya Alhaji a ranar, ba a yi maganar jingina ba. Buhu ashirin aka zuba a ƙaramin rudu da ya ci jika hamsin. Damina ta yi ruwa sosai a shekarar. Da aka buɗe aka tsince, abin da ya rage mai kyau buhu tara ne, sha ɗaya sun tafi tsakanin ruɓa da ramewa. Farashin kuma bai kai ashirin da biyar ɗin dillalai ba, a ashirin da biyu muka sayar. Tara sau ashirin da biyu ɗari da casa'in da takwas. A cire hamsin, ɗari da arba'in da takwas. Da mun sayar tun farko ɗari biyu za mu samu. Wato ra'ayin Baffa na asali shi ne ya fi duka.

Na zauna na lissafa abin da zai faru da an bi tawa. Da irin wannan ruɓar, buhu talatin da uku za su lalace cikin sittin, saura ashirin da bakwai, kuɗinsu bayan an cire na rudu ɗari huɗu da arba'in da huɗu. Za a biya bashi da ƙyar, a bar gida da jika sittin da huɗu na shekara guda. Da buhu uku kacal sun ƙaru a kan waɗanda suka ruɓe, kuɗin zai koma ɗari uku da saba'in da takwas, jika biyu ƙasa da bashin. Tazarar da ke tsakaninmu da rasa garkar ke nan.

Akwai wani abu a nan da ko gyaɗar Inna ba za ta iya kamawa ba, kuma ya kamata in faɗe shi. Ashirin da biyar ɗin da na sa a layin farko maganar dillali ce, ba abin da ya riga ya faru ba. Da farashi ya tsaya a ashirin da biyu, iyakar kanta ta matsa: maimakon talatin, buhu ashirin da shida suka isa su cinye ribar. Mayar da lamba cikin lissafi yana gaya maka ko lambar ta dace da abin da ka rubuta. Ko abin da ka rubuta ya dace da kasuwa da damina, wannan wata tambaya ce, kuma wanda ya daɗe yana buɗe rudu ya fi ɗan lise saninta.

Karatuna bai faɗi ba. Wani kawuna ya ɗauki nauyi, na gama lise, na tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kuma lissafin dai na karanta. A can na san tarihin wannan fanni. Sunan aljabara ya samo asali ne daga littafin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Kalmar jabr a Larabci tana ɗauke da ma'anar ɗori, irin wanda ake yi wa karyayyen ƙashi. A littafin babu x, babu alamomi, komai da kalmomi yake, kuma abin da ake nema yakan kira shi "abu" kawai. Wani babban sashe na littafin ma a kan rabon gado da wasiyya ne, wato matsalolin gida irin tamu. Bai yi aiki da lambobin da ke ƙasa da sifiri ba. Idan ya ga an rage wani abu a ɓangare ɗaya, sai ya ƙara shi a ɓangarorin biyu don gurbin ya cike, kuma wannan cikewar ita ce jabr. Da na bi hanyarsa a zaure, da daga 1350 − 25x > 600 na koma 1350 > 600 + 25x, daga nan 750 > 25x, wato talatin ya fi x. Babu lamba mai ragi da za a raba da ita, babu ramin da zan faɗa.

Alamomin da suka sa Baffa ya sallama kuwa baƙi ne na baya-bayan nan. Alamar daidaito mai layi biyu Robert Recorde ya fito da ita a 1557. Alamomin > da < sun fara bayyana a littafin Thomas Harriot na Ingila, wanda aka buga a 1631, shekara goma bayan rasuwarsa. Amfani da x a matsayin abin da ba a sani ba ya yaɗu ne daga littafin René Descartes na Faransa na 1637. Mutane sun shafe ƙarnoni suna warware irin waɗannan matsaloli kafin a ƙirƙiro su. Alamomin suna gajarta aiki ƙwarai, amma suna da wata illa da na ɗanɗana: hannu na iya tafiya da su layi bayan layi alhali kai ya manta buhunan albasa ake magana.

Abin da na fi riƙewa daga wannan dare shi ne gano amsa da gwada amsa ba nauyinsu ɗaya ba. Inna ba za ta iya warware layin da na rubuta ba, ba ta ma yi ƙoƙari ba. Amma gwada shi bai buƙaci komai ba sai ƙirge da ta riga ta iya, da kuma ƙarfin halin cewa "a ce". A ƙauyukanmu mai takarda yana da kwarjini. Mai ba da rance ya zo da jadawali, mai sayen amfanin gona ya zo da na'urar lissafi a wayarsa, ɗan gida da ya yi boko ya zo da kaye, sai dattawa su ce ku kuka yi karatu. Ba kowa zai iya bin yadda aka kai ga lambar ƙarshe ba. Amma kusan kowa na iya cewa, to, a ce na karɓi kaza, a ce damina ta ƙi, nawa zan biya, nawa zai rage a hannuna? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ni na ji haushinta na ɗan lokaci a ɗakin Inna, kuma na san dalili: amsar ta zo mini yadda nake so. Da ta fito cewa a sayar, da sai na sake bin layukan sau biyar ina neman kuskure.

Yanzu ina koyar da lissafi a wata kwaleji a Maraɗi. Idan muka kai babin rinjaye, ina neman gwaji uku a ƙarƙashin kowace amsa: iyaka, lamba ɗaya daga ciki, lamba ɗaya daga waje. Nakan ce musu su zaɓi mai sauƙi kamar sifiri idan ta samu, sannan su zaɓi wadda suke tsoro. Yara na gunaguni cewa aikin ya yi yawa, kamar yadda muka yi wa Mushe. Ranar da na fara babin nakan zo da gyaɗa a aljihu, in ƙirga sittin a kan tebur, in rubuta x > 30 a allo, in tambaye su ko sun yarda. Mafi yawa sukan yarda, tun da malam ne ya rubuta. Akan sami ɗaya ko biyu, sau da yawa ƴan mata masu taya iyayensu talla, da za su ɗaga hannu su ce a gwada arba'in.

Garkar tana nan, ƙanena ke nomanta. Duk shekara idan an cire albasa sai ya kira ni ya karanto mini yawan buhuna da tayin dillalai da abin da ake bin sa, in lissafa in gaya masa iyakar. Daga nan sai ya shiga wajen Inna, ita kuma ta sa a miƙo mata faifai. Bara bayan kwana biyu ya sake kirana, ya ce Inna ta ce a gaya wa ɗan lakwal lissafinsa ya fita, sai dai ya manta kuɗin amalanke.